Wat Ashirin

Sifikun Yaya Tasi'u biyu ne,
ƙanana, na katako, tsayinsu bai wuce bulo ba.
Shekara uku suna kan kanta
tsakanin ƙamus da tulin rasiɗai,
bakinsu a rufe tun da mai su ya kwanta dama.
Ladidi ta ɗora wa ɗaya kwalbar humra,
ɗayan kyanwa ta mai da shi gadonta.

Ranar da fansho ya shigo
na ware dubu ashirin da biyar a aljihun ciki,
na tari a-daidaita daga Gwammaja zuwa Sabon Gari
neman amfilifaya.

Shagon farko yaro ya kunna min wata mai fitilu,
ja, kore, shuɗi, sai ka ce ɗakin biki.
"Baba, wat dubu biyar! Har Bata za a ji ka."
Na ce ɗakina taku huɗu ne,
katangata ɗaya da liman,
me ya haɗa ni da mutanen Bata?

Oga Ifanyi ya sauko min da 'yar Beljiyam,
baƙa, mai nauyin dutsen niƙa.
Na ɗaga, ƙuguna ya ce a'a.
Na ji kuɗin, aljihu ya ce shi ma haka.

Sai na gangara Fagge wurin Ilu mai gyaran rediyo.
Bai ɗago ba, yana cikin ƙaurin dalma.
"Me aka rubuta a bayansu?"
"Om takwas."
"To wat ashirin ya ishe ka,
na gaske, ba na jikin kwali ba,
kwali ba ya jin kunya.
Nemi mai cin batir, bolt sha biyu,
wutarmu baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta tafi.
Kuma kar ka yarda su ƙure maka ƙara,
a kasuwa kowa mai baki ne.
Ce su kashe kiɗan, su bar ta a kunne,
ka kai kunnenka jikin sifika.
In tana huci kamar kububuwa, aje musu abarsu.
Wadda ta iya shiru ita ta iya magana."

Washegari na koma da sifika ɗaya a jakar bako.
Yaran shago suna ta dariya,
ga tsoho ya zo da kuɗi zai sayi shiru.
Ta farko ta yi huci.
Ta biyu gurnani, irin na tsohon firji.
Ta uku ƙalau, amma da ka taɓa wayar sai ta razana.
Ta huɗu tana can ƙasa, ba a ma kakkaɓe ta ba,
girmanta bai fi sandar sabulu ba,
maɓalli ɗaya, fitila ɗaya.
Na kara kunne.
Ba komai. Na sake karawa.
Sai bugun jinina.

Ashirin da takwas, in ji shi.
Na juya, ya kira ni, na juya, ya rantse.
Ashirin da biyu, da gyaran waya kamu uku.

Bayan isha'i Rumasa'u ta riƙe min tocila:
ja ga ja, baƙi ga baƙi.
Na jona tsohuwar rikoda,
na hure kaset ɗin da ya aiko daga Jidda
shekarar da yake ɗinki a can.

Tari ya fara yi.
Ga fanka tana juyi a bayansa,
ga cokali yana kewaya kofin shayi,
sau nawa na ji kaset ɗin nan, ban taɓa jin cokalin ba.
"Salamu alaikum. Gambo, kana ji na?"

Maɓallin bai kai kwata ba.
Ladidi ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu.
Na ce ina jin ka, Yaya.

Nan aka ɗauke wuta.
Unguwa ta yi tsit, fitilar 'yar akwatin tana nan ja,
shi kuwa ya ci gaba da tambaya
ko na biya Malam Sagir kuɗin keken nan.